Tudun Darrasa: Jujin da Ya Zama Lambu a Birnin Alƙahira

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau ƙasar Masar za mu je, birnin Alƙahira. Idan mutum ya fito daga Masallacin Azhar ya nufi gabas, ba zai yi nisa ba zai ga ƙasa ta fara tashi a gabansa, sai ga wani tudu kore shar, dogayen itatuwa sun yi sahu a samansa. Sunan wurin Tudun Darrasa, lambun da ke kansa kuma shi ake kira Lambun Azhar. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke karatu a Jami'ar Azhar, na Najeriya da na Nijar, sun san shi. Faɗinsa hekta 30, wato kusan filin ƙwallo 40 ke nan a haɗe. Abin da ya sa na ɗauko muku labarinsa shi ne, babu wata bishiya ko wani ɗan tsiro a kan tudun nan da aka ba gurbi sai da aka san irin ƙasar da ke wurin, da inda gangara ta fuskanta, da yawan ruwan da wurin zai iya ɗauka. Wannan shi ne zancenmu na yau.

Tudun nan ba dutse ba ne irin Dala ko Kufena. Mutane ne suka tara shi da hannunsu, kwando bayan kwando. Faɗimiyawa suka kafa Alƙahira a shekarar 969. Bayan ƙarni biyu, daga shekarar 1176, Sarki Salahuddin Al-Ayyubi ya sa aka soma gina ganuwar dutse don tsare birnin. Da zamani ya ja, tsoron mahara ya ragu, sai mutanen cikin gari suka mayar da bayan ganuwar gabas wurin zubar da shara. Gida ya rushe, a kwaso ɓaraguzai a zuba a can. Toka, fasassun tukwane, ƙasusuwa, duk can. Aka yi shekara kusan 500 ana haka, har tarin ya yi zurfin gomman mitoci, ya binne ganuwar Salahuddin kanta. In iska ta taso daga gabas, ƙurar wurin a kan unguwar Darbul Ahmar take sauka, unguwa ce ta talakawa, mai cunkoso, amma cike da tsofaffin masallatai masu daraja.

A shekarar 1984 aka yi wani taro a Alƙahira a kan yadda birnin ke bunƙasa fiye da ƙima. A nan ne Aga Khan na huɗu, shugaban mabiya Isma'iliyya, wanda ke danganta zuriyarsa da Faɗimiyawan da suka kafa birnin, ya yi alkawarin zai yi wa mutanen Alƙahira kyautar lambu. Birnin yana cikin matsananciyar buƙata. Masu aikin sun sha ambaton wani ƙiyasi da ya nuna cewa da za a raba korayen wuraren birnin ga mazaunansa, abin da kowa zai samu bai wuce wurin ajiye tafin ƙafa ba. Aka duba filaye, aka tsaya a kan jujin Darrasa, domin shi ne babban filin da ya rage babu gini a gefen tsohon birni.

Daga alkawari zuwa buɗe ƙofa sai da aka ci shekara 20 da 'yan kai, a shekarar 2005 aka yi bikin buɗewa, kuɗin da aka kashe kuma ya kai dala miliyan 30. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ja lokaci shi ne, hukuma ta riga ta ware wannan tudu don gina manyan tankunan ruwan sha guda 3 na birnin, kowanne faɗinsa mita 80. Ba a fasa tankunan ba, ba a kuma fasa lambun ba. Aka jira aka gama su, aka rufe su da ƙasa, aka tsara lambun a kansu da kewayensu. Mai yawo a can yau yana iya tsayawa a kan rufin tanki bai sani ba. Sai dai mai lura zai ga babu manyan itatuwa a irin waɗannan wurare, domin rufin siminti ba ya ɗaukar nauyin ƙasa mai kauri, saiwar babbar bishiya kuma ba ta da amana a kan tankin ruwan sha. Kun ji misali na farko na abin da nake nufi.

To, yanzu ga babbar matsala, ita ce ƙasar kanta. Ina roƙon manoma da masu lambu su kasa kunne a nan, domin wannan sashe naku ne.

Ƙasar Darrasa tana da cuta iri biyu. Ta farko gishiri. Alƙahira gari ne na hamada, ruwan saman da take samu a shekara bai kai milimita 30 ba. Inda ake ruwan sama sosai, ruwa kan wanke gishirin da ke cikin ƙasa ya nutsar da shi can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Inda babu ruwa kuwa, gishiri zama yake yi yana taruwa, balle a tarin toka da ɓaraguzan gini. Idan ka dasa bishiya a irin wannan wuri, ko ka ba ta ruwa, saiwarta ba ta iya tsotsa yadda ya kamata, domin gishirin da ke kewaye da ita yana riƙe ruwan. Sai ka ga bakin ganye ya ƙone, tsiro ya tsumbure, ƙishirwa ta kashe shi alhali gindinsa a jiƙe yake. Wani abin kuma, ban-ruwa yana iya ƙara ɓata lamarin. Ruwa ya shiga ƙasa ya narkar da gishirin da ke ciki, rana ta buga, danshi ya hauro sama ya bushe, ya bar farin gari a fuskar ƙasa. Masu noman rani a wasu fadamunmu sun san wannan farin abu mai kama da kanwa.

Cuta ta biyu, ƙasar ba ta zauna ba. Tari ne kawai, ba a taɓa daddaɓe shi ba. Muddin a bushe yake, zai tsaya. Ranar da ruwa ya ratsa shi, sai ya lotsa. Duk wanda ya taɓa ganin gidan da aka gina a kan cikakken kududdufi ya san yadda bango ke tsagewa bayan damina biyu ko uku. To ku duba wannan tsaka mai wuya: lambu ba ya rayuwa sai da ruwa, tudun kuma ruwa ne ajalinsa.

Ga yadda suka yi. Da farko aka kwashe tarkace mai yawan gaske, kimanin lodin tifa 80,000. Abin da ya rage aka daddaɓe shi da injuna, aka sassaita gangarar da ta yi tsaye da yawa. A wuraren da za a yi shuka aka shimfiɗa abin da zai hana ruwa zarcewa ƙasa, aka sa hanyoyin da za su janye rarar ruwa su fitar da shi, sannan aka kawo yashi marar gishiri da ƙasar noma mai kyau daga waje aka zuba a sama. Ta haka ruwan ban-ruwa ba ya kaiwa ga tsohon tarkace balle ya lotsar da shi, gishirin ƙasa kuma ba ya samun hanyar haurowa. Gine-ginen da ke cikin lambun ma sai da aka yi musu harsashi na musamman. Mafi yawan wahalar da aka sha a Darrasa tana ƙarƙashin ƙasa, inda mai ɗaukar hoto ba ya gani. Ni a ganina wannan ne aikin da ya fi cancantar yabo, domin shi ne wanda babu mai tafa wa, kuma shi ne ya riƙe sauran.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna zancen Lambun Azhar ne da ke kan Tudun Darrasa a birnin Alƙahira.

Tun ana cikin aikin ƙasa aka buɗe gandun renon itatuwa, wani a kan tudun, wani babba a wajen gari. Ba su je kasuwa sun sayo duk abin da ya yi musu kyau a ido ba. Gwaji suka yi na shekaru. Suka gwada itatuwa iri 89, ƙananan itatuwa masu cunkus iri 51, ciyawa iri 5, tsirrai masu hawa bango iri 14, masu yaɗo su rufe ƙasa iri 50, da masu ajiye ruwa a jikinsu iri 26. A dasa, a zuba ido. Wanne ya jure gishiri? Wanne ya jure iskar da ke kaɗawa a saman tudu? Wanne ya yi kyau a watan farko amma ya mutu da zafin bazara? Wanda ya ci jarrabawa shi aka yawaita, ta iri ko ta yankan reshe. A ƙarshe tsirran da aka dasa a lambun sun haura 650,000.

Akwai hikima a reno a kan tudun kansa. Dashen da ya tashi a cikin inuwa da yalwar ruwa, ranar da aka kai shi fili mai rana da iska, gigicewa yake yi. Wanda ya tashi a wurin da zai zauna kuwa, ya riga ya saba.

Bari yanzu mu shiga lambun mu zaga. Misirawa biyu ne masana tsara lambu suka jagoranci zanen, Maher Stino da Laila El-Masry, tare da wani kamfani na Amurka. Ƙashin bayan tsarinsu wata doguwar hanya ce ta ƙafa da ta ratsa tudun daga arewa zuwa kudu. Ta faro daga wani gidan cin abinci da ke can sama, wanda aka gina da bakuna irin na ginin Faɗimiyawa. Idan ka tsaya a nan ka miƙa ido kudu, hanyar ta saita ka kai tsaye da babban sansanin Salahuddin da ke kan wani tudun daban, da ƙubbobin Masallacin Muhammad Ali a samansa. Da gangan aka ja layin haka.

Dama da hagu na wannan hanya an jera wani dangin dabino da Misirawa ke kira dabinon sarakuna. Asalinsa daga yankin Kuba ne. Gangar jikinsa sumul take, toka-toka, miƙaƙƙiya, sai can sama ta yi kore kafin ganye ya baje. Ba ya ba da 'ya'yan da mutum zai ci, inuwarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. To me ya sa aka zaɓe shi a nan? Saboda a wannan gurbi ba inuwa ake nema ba, kallo ake nema. Da ɓaure aka jera, da cikin shekara goma rassansa sun haɗe sun rufe sansanin da masallacin. Dabinon sarakuna kuwa yana tashi sama ya bar tsakani a buɗe, ya riƙe maka ido a kan abin da ake so ka gani.

A tsakiyar hanyar da gefenta ruwa ne ke bi ta cikin siraran magudanai na dutse, nan ya gangaro ta 'yan matakala, can ya ɓullo daga ƙasa ya yi tsiri yara suna wasa a ciki. Wannan tsohuwar al'ada ce ta lambunan ƙasashen Musulmi, daga Farisa har Andalus, inda ake raba fili gida huɗu da hanyoyin ruwa. Mutanen da suka ƙirƙiro ta mutanen ƙasar zafi ne, sun san darajar ruwa. Ba sa shimfiɗa shi da faɗi rana ta shanye. Matse shi suke yi a siririyar hanya su sa shi tafiya, domin ruwa mai motsi yana sanyaya iskar da ke kusa da shi, ƙararsa kuma tana danne hayaniya. A Darrasa wannan na da amfani ƙwarai, saboda babban titin Salah Salem da ba ya rabuwa da motoci yana bin gefen lambun ta gabas. Da yake tudu ne, gangara ita ke tura ruwan, ba sai an wahalar da inji a kowane taki ba.

Hanyar ta ci gaba, ta ɗan karkata, ta kai ka wani tafki da aka haƙa a ɓangaren kudu. Tafkin ado ne, amma kuma ma'ajiya ce ta ruwan Kogin Nilu da ake shayar da lambun da shi. Kusa da shi akwai garka ta itatuwan marmari, dangin lemo, an jera su sahu-sahu, ga inuwa ga ƙamshin fure. Akwai kuma wani lambu da aka nutsar ƙasa da sauran fili, wanda bangayensa ke kare shi daga iska.

Inuwa ta gaskiya kuwa, wadda iyali za su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, 'yan gida ne suka ba da ita, kuma za ku yi mamakin jin sunayensu, domin duk kun san su. Akwai ɓaure, wanda Misirawa ke girmamawa tun zamanin Fir'aunoni, har da katakonsa suke sassaƙa akwatunan gawa. Bishiya ce mai faɗin kai, mai duhun inuwa, tana son wuri mai sarari da ɗan danshi. Akwai dangin kurna da magarya, masu zurfin saiwa, waɗanda ba sa damuwa da fari, ga 'ya'ya tsuntsaye su ci yara su tsinta. Akwai dangin bagaruwa har iri 4. Su waɗannan suna da wata baiwa da ta dace da matacciyar ƙasa: a saiwarsu akwai wasu ƙananan halittu da ke kamo sinadarin taki daga iska su sa a ƙasa, ganyensu kuma ƙanana ne, ba sa zubar da ruwan jikinsu da yawa. Itatuwan da muke wucewa a bakin hanya ba mu ko ɗaga kai, wasu ma mu sare su mu yi gawayi, su ne aka ɗauka da daraja aka ba su wuri a lambun da aka kashe wa dala miliyan 30. Wannan abu yana taɓa min zuciya duk lokacin da na tuna shi.

Ba a manta da hanci ba. An shuka na'ana'a, da babunaj, da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefawa a shayi, da wasu ganyayen miya da na magani. Furen wardi ma akwai shi iri-iri, sai dai wardi ɗan gata ne, ba ya son wahala. Dabarar da aka yi masa ita ce wadda masu lambunmu ke yi wa mangwaro ɗan aure: aka samo wardin daji mai taurin rai aka bar masa saiwa da gindi, aka ɗaura masa reshen mai kyan fure a sama.

Amma wurin da na fi so ku riƙe shi ne gangarar yamma, wadda yawancin baƙi ba sa tsayawa su duba. Ta gabas tudun a hankali yake sauka, don haka can aka shimfiɗa ciyawa da itatuwa masu fure. Ta yamma kuwa gangarar tsaye take, ta fuskanci zafin rana na la'asar, a gindinta kuma ga ganuwar Salahuddin. Domin lokacin da ake kwashe tarkace, sai ganuwar ta fara bayyana, aka yi ta tono har zurfin mita 15, aka fito da tsawon kilomita ɗaya da rabi nata, da hasumiyoyinta da ƙofofinta irin su Babul Barƙiyya da Babul Mahruƙ. Da an shimfiɗa ciyawa a wannan gangara, da sai an riƙa kwarara mata ruwa kullum, ruwan kuma ya gangara ya jiƙa gindin ganuwa mai shekara 800, gishiri ya ci dutsen, ƙasar ma ta iya zamewa. Saboda haka aka rufe ta da gajerun itatuwa masu cunkus, da tsirrai masu yaɗo, da masu ajiye ruwa a ganye da kara, irin su kabar giwa a wajenmu. Waɗannan ɗigon ruwa kaɗan ya ishe su. Saiwoyinsu suna saƙa ƙasa su riƙe ta, ganyensu yana kare ta daga iska, kuma da yake gajeru ne ba sa tare wa wanda ke sama kallon hasumiyoyin tsohon birni. Hanyoyin ƙafa ma ba a miƙe su daga sama zuwa ƙasa ba, kwana-kwana aka yi musu suna bin jikin tudu, don tsoho ya iya hawa, ruwa kuma kada ya samu miƙaƙƙiyar hanyar gudu.

Kada ku ɗauka komai na lambun nan ya kwanta min. Shimfiɗar koriyar ciyawa a garin da ba a ruwan sama abu ne mai tsada, shan ruwanta ya fi na itatuwa nesa ba kusa ba, ko da yake na san a kanta ne talaka ke samun wurin zama da iyalinsa ranar Juma'a da ranakun Salla. Sannan shiga lambun da kuɗi ne. Kuɗin ƙofa shi ke biyan masu ban-ruwa da masu shara, shi ya sa wurin bai lalace ba, an kuma sassauta wa maƙwabta farashi. Duk da haka akwai magidancin da in ya lissafa kansa da matarsa da 'ya'ya biyar sai ya haƙura. Wannan tambaya ce da duk mai son yin lambun jama'a zai fuskanta, kuma gara ya amsa ta tun kafin ya dasa bishiyar farko: wa zai biya mai ba da ruwa a shekara ta goma?

Abin da ya rage min zafin wannan shi ne, aikin bai tsaya a bakin ganuwa ba. An shiga Darbul Ahmar an gyara gidaje, an ba da ƙananan rance, an koya wa matasan unguwa sassaƙar dutse da aikin katako a wajen gyaran ganuwar, an kuma farfaɗo da tsofaffin gine-gine irin su Masallacin Ummu Sulɗan Sha'aban da ginin Khayrbak. Shi Aga Khan na huɗu ya rasu a watan Fabrairu na 2025, a Masar ɗin ma aka binne shi, a garin Aswan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To jama'a, mu dawo gida. Ba mu da dala miliyan 30, na sani. Amma muna da abin da Alƙahira ba ta da shi: damina. Kano kaɗai tana samun ruwan sama fiye da milimita 600 a yawancin shekaru, ninkin na Alƙahira sau 20 ko fiye. Muna kuma da tuddai a cikin garuruwanmu da suke tsaye tsirara. Ga Dala da Goron Dutse a Kano, gidaje sun matse su, ruwa na zaizaye su. Ga ragowar badala da ganuwoyin tsofaffin biranenmu, a wurare da dama sun zama wurin zubar da shara, daidai yadda ganuwar Salahuddin ta zama.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma ina so a ji shi da kyau. Jujin Darrasa na mutanen da ne, mafi yawansa ƙasa ce da toka da ɓaraguzai. Jujinmu na yau akwai leda, da matattun batura, da baƙin mai, da sharar asibiti. Irin wannan wuri in za a gyara shi, a kwashe abin da za a iya kwashewa, a rufe da ƙasa mai tsabta, a dasa itatuwan inuwa da na ado. Kada a shuka alayyafo ko latas ko wani abin ci a kai, domin gubar dalma da makamantanta suna iya shiga ganye su ƙare a cikin tukunya.

Ga wanda ke da tudu a unguwarsu, ko makaranta mai gangara, ko maƙabartar da ruwa ke ci, matakin farko ba sayen dashe ba ne. A haƙa rami a sama, a haƙa a tsakiya, a haƙa a gindin tudu, a ga me ke ciki: marmara ce, yashi ne, ko laka? A cika ramin da ruwa a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya tsotse. A tsaya ranar da ake ruwan sama a ga ta ina ruwa ke gudu. Saman tudu ya fi bushewa, ya fi shan iska, can ne wurin masu taurin rai irin su kurna da aduwa da bagaruwa. Gindin tudu inda danshi ke taruwa, nan ne wurin ɓaure da tsamiya da mangwaro. Jikin gangara kuwa a fara riƙe ƙasar tukuna da jerin duwatsu a kwance, da ciyawar jema ko gamba, da aguwa. 'Yan'uwanmu na Nijar, musamman a yankin Tawa, sun ƙware wajen haƙa ramin rabin wata a jikin gangara, bakinsa na kallon sama, ya tare ruwa ya tara wa bishiya a gindinta. Wannan ilimi namu ne, ba sai an je Masar an koyo shi ba.

Kuma a yi wa Allah a daina dashen biki, wanda za a tara jama'a a dasa dubu a rana ɗaya, a watse, kafin kaka awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bishiya ashirin da aka kewaye da ƙaya ko kwando, aka san sunan wanda zai ba kowacce ruwa daga watan Nuwamba har faɗuwar ruwa, su ne za su kai shekara ta uku, lokacin da saiwa ta yi zurfin da za ta ci da kanta.

Ina kira ga masu unguwanni da dagatai, da limamai, da ƙungiyoyin matasa, da shugabannin makarantu: kafin damina mai zuwa, ku zaɓi tudu ɗaya ko gangara ɗaya a yankinku, ku haƙa ramukan gwajin nan, ku nemi ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukumarku ya zo ya duba tare da ku. Ku kuma ɗalibanmu da ke Alƙahira, in Allah ya sa kun shiga Lambun Azhar, bayan kun gama ɗaukar hoto a jerin dabino, ku gangara yamma ku duba abin da aka shuka a jikin tudun da yadda aka ja masa ruwa, ku zo mana da bayani.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)